Littafi 52 da na ɗora wa kaina bara

Ƙannena, a farkon Janairun bara na sayi sabon littafin rubutu, na ja layi a shafin farko, na jera lamba daga 1 har 52. Kowane mako littafi guda. Na ɗauki hoton shafin na ɗora a WhatsApp, abokai suna ta "Allah ya ba da iko, Malam". Hoton nan shi ya fara ɓata mini tafiya, don tun daga ranar karatun ya zama na 'yan kallo.

Makonnin farko lafiya lau. Sai ga azumi, wanda ko kaɗan ban sa shi a lissafi ba. Tsakanin tilawa da wajen tafsiri da tarawihi, ina wani lokacin buɗe littafin labari? Ana idar da Sallah na duba, bashin littafi biyar ke kaina. A nan ne na shiga dabarar da har yau nake jin kunyarta. In na je wajen mai sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari, kauri nake fara dubawa kafin suna. Mai shafi 300 sai in mayar da shi, ko da shi raina ke so, in ɗauki siriri. Har Ruwan Bagaja na Abubakar Imam na sake ɗaukowa, na yi masa cin kaza tsakanin azahar da la'asar don kawai in cike layi na 19. Littafin da aka buga tun 1934, iyaye da kakanni suka karanta suna dariya, ni ko murmushi ban tsaya na yi ba.

Shekara ta ƙare ina da 44. Ba laifi, in ji masu kallo. Amma ran nan ƙanwata ta buɗe littafin rubutun, ta sa yatsa a kan na watan Yuni, ta ce, "Yaya, wannan me ya ƙunsa?" Na tuna launin bangonsa, na tuna a motar Zariya na gama shi. Abin da ke ciki kuwa, babu. Ta gwada ni da wani, shi ma haka.

Wanda ya zauna mini a ka ba ya cikin jerin ma. Risala ce ta Ibn Abi Zaid, littafin fiƙihu da nake ɗauka a zauren wani malami a unguwarmu, sau biyu a mako tsakanin magariba da isha'i. Kun san tsarin: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, kafin a kai Risala, kuma ba a tsallake. Ka karanta layi, malam ya fassara, ya tsaya ya warware, wani lokaci rabin shafi ne karatun ranar. Kashegari ka biya. Shekara guda ban wuce babin zakka ba, amma ko daga barci ka tashe ni zan gaya maka abin da ke babin alwala. Malam bai taɓa tambayar ɗalibi littafi nawa ya sauke ba. Abin da yake cewa shi ne, "Maimaita mini na jiya."

To in za ku ɗaukar wa kanku alkawarin karatu, ku ƙirga shafi, ku bar ƙirga littafi. Shafi 10 kullum ya kai 3,650 a shekara, wato kusan littafi 18 masu shafi 200, kuma babu abin da zai sa ku gudun mai kauri. Ku cire watan azumi da makonnin jarrabawa tun farko. Ku ba karatun lokacin da kanku ke garau. Ni bayan isha'i na ba shi, lokacin da gajiya ta gama da ni, ga sauro, ga wuta an ɗauke. Sau nawa littafi ya faɗo mini a fuska! Minti 20 bayan asuba sun fi mini awa guda na dare.

Wayata kuwa cike take da littattafan da na sauko da su daga intanet, sun haura 200, ban buɗe ko goma ba. Tarawa daban, karatu daban. Wanda na buɗe ma, kafin in gama shafi saƙo ya shigo, shi ke nan.

Akwai kuma wani da na yi mako uku ina ja kamar jaki a taɓo, ba ya yi mini daɗi, ba na ƙaruwa, amma ina jin ajiye shi gazawa ce. Ku ba littafi shafi 50. In bai kama ku ba, ku mayar wa mai shi. Ku mayar fa, don nawa biyu da aka ara tun damina har yau ban ga ƙeyarsu ba.

Bana ban rubuta lamba ba. Duk ranar da na karanta wani abu, nakan rubuta layi uku da kalmomina, ba tare da leƙen littafin ba. Ranar Juma'a da yamma kuma ƙanwar nan tawa takan zo in ba ta labarin abin da na karanta a makon, ita kuwa ba ta ragi wajen tambaya. Yanzu ina shafi na 140 na wani littafin tarihin Daular Sakkwato, wanda na mayar wa mai shago bara saboda kaurinsa.