Jirgi yana bisa ruwa, yana neman ruwa

Ranar da na buga waya gida na ce na samu aiki a marina, Inna ta yi ɗan shiru, sannan ta ce, "To, Allah shi sa albarka. Ashe can ma ana rini?" Gaskiyarta. Duk wanda ya tashi a Sakkwato, in ya ji Marina, unguwar masu rini ce za ta faɗo masa a rai. Sai da na warware mata cewa a Ingila wuri ne da ake ɗaure jiragen ruwa na shaƙatawa, irin waɗanda masu hali suke saya don su fita teku ranar Asabar su dawo Lahadi.

Matata ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta samu aiki a wani asibiti a Southampton, ni da yara biyu muka bi bayanta a watan Oktoban 2022. Kafin nan shekara 14 na yi a shagon gyaran injin ban-ruwa a Runjin Sambo. Da rani, tun ban shafa addu'ar asuba ba, manomi zai faka babur a ƙofar gida ya ce in hau, albasarsa na jin ƙishi a Kwalkwalawa. Haka na saba da rayuwa: ana nemana.

A can babu mai nemana, kuma wannan ya fi mini sanyi ciwo. Sanyi ana sa masa riga bisa riga. Duhun da ke rufe gari tun ƙarfe huɗu na yamma a Disamba, shi ma a hankali ido ya saba. Amma wata biyar ina ɗaukar kwali a wani ɗakin ajiyar kaya da dare, hannuna bai taɓa sufana ba. In na dawo da safe matata na shirin fita, mu gaisa a bakin ƙofa, in kai yara makaranta, in kwanta ina kallon silin. Ban faɗa wa kowa a gida ba. Mutumin da aka raka tasha da addu'a ba ya buga waya ya ce yana kewar ƙamshin baƙin mai.

Wani ɗan Gambiya da muke haɗuwa a masallaci ranar Juma'a shi ya ce ana neman masu wanke gindin jirage a Hambul, wani ƙauye a bakin kogi mai wannan sunan, gabas da Southampton. Jirage dubbai ne a wannan ɗan kogin. Na fara a ƙarshen Maris na 2023, daidai da shigowar azumi, ina kankare gansakuka da ƙananan katantanwa da ruwa mai sanyin ƙanƙara.

A mako na uku, ina goge saman wani jirgi, na ji ƙara daga ciki. Garr, ta tsaya. Bayan ɗan lokaci, garr, ta tsaya. Babu kowa a cikinsa. Na ce wa mai gidan da ke kula da mu, da ɗan Turancina, famfon nan yana zubar da matsi a wani wuri. Ya dube ni, ya tambaye ni ina na san famfo. Na ce a gonar albasa.

Bari in bayyana abin, don na san tambayar da ke ranku, ita ce kowa ke yi mini. Me jirgin da ke zaune bisa ruwa zai yi da famfon ruwa? Ruwan teku gishiri ne, ba a sha, ba a dafa shayi da shi, ko sabulu ba ya kumfa a cikinsa yadda ya kamata. Saboda haka kowane jirgi yana ɗauke da tankinsa na ruwan daɗi a ƙarƙashin kujera ko gado. Tankin yana ƙasa, kawunan famfo suna sama, ba kamar gidajenmu da ake ɗora tanki bisa ƙarfe ruwa ya gangaro da kansa ba. Sai a sa ɗan famfo wanda bai fi kwalbar lemo babba ba, mai aiki da batir, yawanci bolt 12, a manyan jirage 24. A cikinsa akwai tantanin roba da mota ke kaɗawa, da ƙananan bawul masu barin ruwa ya wuce gaba, su hana shi komawa. A kansa kuma akwai makunnin da matsi ke sarrafawa. In ka buɗe kan famfo matsi ya sauka, sai ya tashi da kansa. In ka rufe matsi ya hau, ya kai wajen 25 ko 40 a irin ma'aunin da mai faci yake auna iskar taya, sai ya mutu.

Wanda ya fahimci wannan makunnin ya fahimci rabin aikin. Famfo ba ya tashi haka kawai. In ya tashi alhali kowane kai a rufe yake, to ruwa ya fita ta wani wuri, ko dai ta bututu, ko ya sulale baya zuwa tanki ta bawul ɗin da ya gaji ko ɗan tsakuwa ya tokare. In kuma ya yi ta gudu bai tsaya ba, ruwa na fitowa yana tofi kamar mai tari, to iska yake sha. Wannan na san shi tun a fadama, inda tiyon tsotso mai hudar da ba ta kai ƙwayar gero ba yake hana inji ɗaga ruwa, manomi ya yi ta zagin injin. A jirgi ma haka ne: murfin matacin da ke gaban famfo bai zauna daidai ba, ko kilif ya saki, ko matacin ya toshe da dauɗa, ko tankin ne ya ƙare ba a sani ba. Akwai ma wanda ɗan bututun da tanki ke shaƙar iska ta cikinsa ne ya toshe, famfo ya yi ta ja, tanki ya ƙi saki. In kuwa shiru ne gaba ɗaya, ba na taɓa famfo sai na duba fis, na auna wutar da ke isa gare shi. Iskar teku tana cin waya, ta mai da jan ƙarfe kore.

Aikin da ya sa aka daina kirana mai wanki aka fara kirana da sunana, na wani dattijo ne mai jirgi mai tsawon mita 11. Ya riga ya sayi sabon famfo ya sa da hannunsa, ƙarar ba ta daina tashinsa daga barci ba. Da aka turo ni, ya tsaya a bakin jirgin ya ce shi makaniki ya nema. Na ce ni ne. Ya ɗauki waya ya kira ofis a gabana. Abin ya sosa mini rai ƙwarai, har na ji wuyana ya yi zafi, amma na tuna kuɗin haya, na cire takalmi na shiga.

Ban kwance komai ba. Na zauna a ƙasa na dubi agogo. Minti bakwai, garr. Minti bakwai, garr. Yoyo ne ƙarami, kuma ba ya canzawa. Na matse bututun da ke fita daga famfon, muka jira minti ashirin, shiru. Ke nan famfon lafiyarsa lau, tsohon da ya jefar ma wataƙila lafiyarsa lau. Na ɗaga katakon ƙasa, inda duk ruwan da ya zuba a jirgi yake taruwa, na tsoma yatsa na ɗanɗana. Ba gishiri. Daga nan na bi bututu gaɓa-gaɓa da takardar goge hannu, ƙarƙashin wurin wanke kwano, bayan banɗaki, har tukunyar ruwan zafi, wadda ke da bawul ɗin kariya da kan yi ɗigo in ya tsufa. Duk a bushe. Sai na tambaye shi ko akwai shawa a bayan jirgi, ta ɗauraye jiki in an fito daga iyo. Ya ce akwai, amma bai taɓa ta ba tun bara. Na buɗe ɗan akwatinta. Kan shawar ya tsage siriri kamar gashi, ruwa na bin tiyo yana gangarawa ciki inda ido ba ya kaiwa.

Ya daɗe yana kallon tsagar. Bai ba ni haƙuri da baki ba, amma ya dafa shayi ya miƙo mini, ya zauna yana tambayata yadda ake shayar da albasa a ƙasar da ruwan sama ke ɗaukewa wata bakwai ko takwas. Na ba shi labarin madatsar Goronyo da Gulbin Rima da rijiyoyin burtsatse na fadama. Daga baya mutum uku suka zo ofis suna neman "mutumin nan na Najeriya mai saurare".

Abin da ya tsaga shawar nan shi ne darasin da Sakkwato ba ta koya mini ba. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan kumburin yana iya fasa roba. Ni da na taso inda zafin Afrilu ke haura 40, ban taɓa kawo wa raina cewa sanyi na fasa famfo ba. Shi ya sa kafin hunturu muke zazzage tankuna, mu bar kawunan famfo a buɗe, mu cire tiyon famfo ya tofar da abin da ya rage, wani lokaci mu zuba maganin hana daskarewa, irin marar guba da aka yi don bututun ruwan sha, ba na lagireton mota ba.

Wajen sayen sabo kuwa, nan muke yawan saɓawa da masu jirage. Kowa babba yake so. Ni kuma nakan fara da ƙirga kawunan famfo da tambayar mutum nawa ke kwana a ciki. Jirgi mai kicin ɗaya da banɗaki ɗaya, famfo mai ba da lita 11 a minti ya ishe shi har da saura. Ka yi lissafi: tankin dattijon nan lita 200 ne, wato jarka takwas masu cin 25, bai kai kura ɗaya ta ɗan ga-ruwa ba. In aka bar kai a buɗe, wannan ɗan famfon zai kwashe shi cikin minti 18. Ka sa mai lita 19, ka ƙara wa batir nauyi, ka bukaci waya mai kauri da bututu mai faɗi, ruwan kuma ya ƙare tun ba a yi nisa da gaɓa ba. Sannan sai an duba ko tukunyar ruwan zafi da tsofaffin gaɓoɓi za su ɗauki matsin sabon. Na sha ganin an sa famfo mai ƙarfi, washegari yoyo uku sun ɓullo.

A cikin sunayen masu ƙera famfunan nan akwai Jabsco, akwai Shurflo, da Johnson, da Whale, da Marco na Italiya. Ba ni da wanda nake rantsuwa da shi. Wanda ake samun tantaninsa da bawul ɗinsa da makunninsa a shagon da ke kusa, shi nake ba mutum shawara, kamar yadda manoman gida suke zaɓar injin da kayansa ke kasuwa. Abu ɗaya da nake nacewa a kai shi ne tulun iska, wanda suke kira akumuleta. Ɗan tulu ne mai roba a tsakiya, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya iska, da bakin hurawa irin na tayar keke. Shi ke hana famfo yin tat-tat-tat duk lokacin da aka ɗan buɗe kai don wanke hannu, kuma wannan tashi-mutu shi ke ƙona makunni. Ana hura shi ƙasa kaɗan da matsin da famfo ke tashi a kansa. Sababbin famfuna masu rage gudu da ƙarawa da kansu ba sa bukatarsa, suna da shiru, amma in allon lantarkinsu ya mutu a tsakiyar teku, sukudireba ba ta da abin yi. Na makunni kuwa ko da fitilar waya ana gyara shi.

Yanzu da nake rubutun nan ina Sakkwato, zuwana na farko tun da muka tafi. Janairu ne, jirage suna kan tudu an lulluɓe su, aiki ya yi sauƙi, sai na ɗauki hutu. A cikin tsarabata akwai wani tsohon Jabsco da aka jefar, na sa masa sabon tantani, na naɗe shi da riga. Na kai wa Baba, wanda ya koya mini sana'a, a shagonsa na Runjin Sambo. Ya tsufa, yaransa ke aikin, shi yana kan benci da rawani saboda ƙurar hunturu.

Ya juya shi a hannu, ya auna nauyinsa. "Wanga ɗan abu shi ka ba jirgi ruwa?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

"Ba fetur, ba fulogi?"

"Batir kawai."

Ya sa aka kawo batirin mota da bokiti da guntun tiyo. Muka haɗa, ruwa ya fito, yara suka taru. Na toshe bakin tiyon da babban yatsa, famfon ya yi ƙugi ya mutu da kansa. Na saki, ya tashi. Baba ya ce in sake. Na sake har sau uku. Sai ya karɓi tiyon, ya toshe da nasa yatsan, ya ɗan sassauta gefe ɗaya yadda ruwa zai riƙa tsatsafowa, ya karkata kai ya rufe ido. Bayan ɗan jim famfon ya ce garr, ya tsaya.

"Yoyo ke nan," in ji shi.

Na ce, "Yoyo ke nan, Baba."

Ya ce a ɗaure shi jikin randar masallacin shago, a haɗa da batirin sola, mutane su riƙa alwala da shi. Ni na ɗaure kilif ɗin, na bar musu mataci biyu da fis guda huɗu a cikin gwangwanin madara.