Faifan garmahon da muka jibge a sito, yau da dala ake sayensa

Wai ashe faifan garmaho bai mutu ba jama'a. Mu nan tunda kaset ya shigo aka tattara su aka jibge a sito, wasu ma yara suka mayar abin wasa, amma yanzu ka shiga shafukan saye da sayarwa na intanet irin su Discogs ko eBay ka rubuta Nigeria ka sha mamaki, faya-fayan da aka buga a shekarun 1970 ne reras, na kamfanonin EMI, Afrodisia da Tabansi, kuma da yawa daga masu sayarwar ba ma a ƙasar suke ba, suna Faransa ko Jamus ko Ingila. Dillalai ne suka dinga zuwa suna bin gidaje da tsofaffin shaguna suna kwashewa a arha, yau kai ɗan ƙasa in kana so sai ka biya da dala ko yuro a aiko maka kayan gidanku. Abin da ciwo gaskiya, amma dai su suka san darajarsa lokacin da mu muke zubarwa. Tunda kamfanin Luaka Bop ya sake fitar da waƙoƙin mawaƙin Najeriya William Onyeabor a 2013 kuwa, asalin bugunsa na Enugu sai dai talaka ya kalla ya wuce.

Ni na fi son Discogs, don tun da aka kafa shi a 2000 aikinsa tattara bayanan faya-fayai ne, kasuwar daga baya ta zo. Kowane bugu da shafinsa, kuma zai nuna maka nawa aka taɓa sayar da shi, mafi arha, matsakaici da mafi tsada, to kaga ba mai yi maka kuɗin baƙo. Wasu ma suna bari a taya, in bai yi musu ba su ce albarka.

Inda rigimar take shi ne lafiyar faifan. Akwai haruffan da suke sawa, NM wato kusan sabo, VG+ an ɗan yi amfani da shi, VG akwai ƙara-ƙara, sai G, wato Good, wanda sunan ne kawai mai kyau amma faifan ya ji jiki. To faya-fayanmu na nan sun sha biki da ƙura da allurar da ta dakushe ba a canza ba, shi ya sa in naga an rubuta NM a kan bugun Legas na 1975 sai na ƙara buɗe ido. Kar hoton kwali ya ruɗe ka. Ka ce mai sayarwar ya ɗauko maka hoton faifan kansa a ƙarƙashin fitila a karkace, a nan karce yake fitowa, kuma ka tambaye shi ko farce yana jin karcen in an shafa, don wanda farce ya ji allura ma za ta ji, kas kas kas duk zagaye. In ya yarda ya turo maka sautin minti ɗaya, ka samu mutumin kirki.

Sai maganar asali da sabon bugu. Can kusa da takardar tsakiya, wajen da ba waƙa, akwai wasu ƙananan lambobi da aka zana a jikin faifan, su za ka sa a karanto maka ka gwada da na shafin. Kuma ka ɗan san tarihin abin da kake nema. Misali kiɗan Mamman Sani na Nijar na 1978 a kaset ya fito, sai 2013 kamfanin Sahel Sounds suka buga shi a faifai, to duk wanda ya ce maka yana da asalin faifan 1978 ka san ƙarya yake.

Kuɗin aikowa kuma wani lokacin ya fi kuɗin faifan, ga katin banki ya ƙi wucewa, ga kwastan, wasu masu sayarwar ma suna ganin Najeriya za su ce ba sa aikawa. Abin da nake yi shi ne na sa a kai gidan wani ɗan uwa a Ingila su taru, in an samu mai tahowa ya riƙo min a jakar hannu. Hakan ya fi min kwanciyar hankali saboda zafi, faifai in ya kwana biyu a bayan mota a ranar Afrilu ta Kano lanƙwashewa yake kamar gurasa, kuma gyaransa da wuya. Ku ce a fitar da shi daga kwalinsa kafin a naɗe, in ba haka ba gefen faifan yana tsaga kwalin a hanya.

Yanzu na Shata da Ɗan Maraya Jos nake nema, na sa su a jerin abin da nake jira, in wani ya ɗora za a turo min saƙo. Wanda yake da irinsu a gida don Allah ya yi min magana kafin ya kira mai gwangwan.