Layin da ke cikin wayarka ya fi wayar tsada

Sana'ar POS nake yi a bakin kasuwa, kuma kullum sai na ga abin da ke ɗaga min hankali. Dattijo zai miƙo min kati ya ce, "Yaro, cire min dubu biyar," sannan ya karanto lambobin sirrinsa da ƙarfi, duk wanda ke tsaye yana ji. Wata Hajiya kuwa a bayan katin ta rubuta nata da biro, wai don kada ta manta. Nakan juya musu na'urar in ce, "Baba, danna da hannunka." Wasu har haushina suke ji.

Amma kati da sauƙi. Layin waya ne babbar ƙofar. Babban Bankin Najeriya ya fito da BVN, lambar shaidar mai asusun banki, a 2014, a Disamban 2020 kuma gwamnati ta ce dole kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Tun daga nan sunanka da hotonka da asusunka duk suka rataya a jikin layi guda. Shi ya sa ɓarawon waya na yanzu ba wayar ce ta dame shi ba. Layin zai zare ya sa a ƙaramar waya mai tocila, ya danna *565*0#, sai ga BVN ɗinka. Duk lambar tantancewa da banki zai turo, hannunsa za ta faɗa. Kana gida kana jimamin hotunan biki, shi yana can yana cin bashi da sunanka a manhajojin ba da rance.

Abin da nake ta fama da mutane su yi bai kai minti biyu ba: a sa wa layin kansa lambar sirri, ba fuskar wayar kaɗai ba. Yana nan cikin saitin tsaro. A dai kula, in aka yi kuskure sau uku layin zai kulle sai an kawo lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo layin daga ciki. Ranar da waya ta ɓata kuma, a fara da banki a rufe asusu, sannan a garzaya ofishin kamfanin layi a yi walkam-bak, wato a dawo maka da lambarka a sabon layi. Cigiya ta biyo baya.

Sai masu yawo unguwa-unguwa da fom ɗin "tallafi". Su karɓi NIN da BVN, su ɗauki hoton fuskarka, su ba ka na cefane. Na san talauci ne ke sa mutane miƙawa, ban ga laifinsu ba. Sai dai da waɗannan bayanan ake buɗe asusun da kuɗin damfara ke bi ta ciki, kuma in bincike ya tashi, sunan da ke kan asusun za a nema. Ni dai duk mai fom da ya zo rumfata, nakan tambaye shi wace hukuma ce ta aiko shi, kuma ina ofishinsu yake. Yawanci daga nan sai ya ce zai dawo an jima.