Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da aka cire mini wayar lasifika

A makon jiya na yi alkawarin shiga labarin zamana a Kantin Kwari bayan na bar koyarwa, amma ku yi mini afuwa. Ranar Asabar na je ɗaurin aure a Gwammaja, daga nan aka ja ni walima. Wani yaro ya karɓi makirfo zai yi jawabin godiya, ya ce "daga ƙarshe" har sau huɗu, ina ƙirgawa da yatsa a ƙarƙashin babbar riga. Sai abin da na binne shekara arba'in da ɗoriya ya taso mini ɗanye shar. Kwari ba za ta gudu ba.

Waɗanda suka biyo ni tun farko sun san Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ta riƙe ni a Yakasai. Tana da wata magana da take yi duk lokacin da baƙo ya tafi: "Baƙo da sallamarsa ake karɓarsa, da ban kwanansa ake tuna shi. Abin da ya ci a tsakani, tsakaninsa da cikinsa." Mu yara muna ɗauka tsegumi ne kawai irin na tsofaffi. Ita kuwa haka take gudanar da tatsuniyarta. In ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," to sai kowa ya amsa "Ta zo mu ji ta." Yaro ɗaya ya yi shiru yana wasa da ƙasa, za ta zauna ta zuba masa ido har sai ya amsa. In kuma ta ce "Ƙurunƙus kan kusu," magana ta ƙare. Ko kuka za ka yi ba za ta ƙara maka kalma ɗaya a kan Gizo ba, sai gobe.

Na girma a gabanta, na ji wannan sau ɗari, amma ranar da nake bukatarsa ya gudu daga kaina.

Shekarar 1982 ce. Ina ƙaramin malami mai takardar Giredi Tu a wata firamare cikin badala. Tun da aka fara shirin ilimi kyauta na UPE a 1976 azuzuwa suka cika maƙil, ga iskar farkon damina ta yaye rufin aji biyu, yara na karatu a gindin darbejiya. Aka kira taron iyaye da malamai, aka haɗa shi da rabon kyaututtuka don mutane su zo. Hedimasta ya ce ni zan gabatar da koken rufin, minti goma. A lokacin jam'iyyar PRP ta dare biyu, 'yan santsi suna bayan Gwamna Abubakar Rimi, mu 'yan taɓo muna tare da Malam Aminu Kano. Hedimasta ɗan santsi ne na gani kashe ni, kuma ya san inda na dosa. Ban ce shi ya sa ba. Na dai faɗa muku yadda abubuwa suke.

Kwana uku ina rubuta jawabin. Tsakiyarsa, wallahi, ba abin kushewa: yawan bandir ɗin kwano, katako, ƙusa, kuɗin kafinta, duk na lissafa. Farko da ƙarshe ne na ce a raina ai wannan baki zai kawo da kansa.

Na miƙe na fara gaisuwa. Wakilin hakimi, mai unguwa, liman, na'ibi, jami'in ilimi, shugaban iyayen yara, mataimakinsa, ma'aji, kowa da kirarinsa da "Allah ya ja zamaninka." Na hango wani attajiri ya shigo a makare, na koma na ɗauko shi. Na tuna ban ambaci ladan ba, na koma. Minti bakwai suka tafi a nan. Sannan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa, na ce a gafarce ni, ni ba gwanin magana ba ne, tilas aka yi mini. Mutumin da ya bar shagonsa a Kurmi ya zo ya zauna a rana, ka buɗe baki ka shaida masa cewa abin da zai ji ba shi da daɗi, me kake so ya yi? Aka fara hira a baya. Na ruɗe na shiga lissafin kwano a guje. Na ce "daga ƙarshe," sai na tuna katako. Na sake cewa "daga ƙarshe," sai na tuna ban gode wa masu girki ba. A na uku ne hedimasta ya ɗaga wa wani yaro gira. Lasifikarmu da batirin mota take aiki. Yaron ya sunkuya ya cire waya.

Bakina na motsi, ba mai jin komai. Aka fashe da dariya. A layin gaba, kan kujerar ƙarfe, mahaifin yarinyar da nake nema yana zaune, ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Abin da aka tara mutane dominsa, wato a ce musu ga abin da kowa zai bayar, ga wanda zai karɓa, ban kai gare shi ba. Abin da aka samu ranar ko bandir ɗaya bai saya ba. Yara suka laƙaba mini Malam Daga-Ƙarshe, sunan ya bi ni har bayan an yi mini canjin makaranta.

Laifina na ɗauka, ban taɓa musu ba. Amma ana aiko wa mutum 'yar takarda. Ana jan gefen rigarsa. Shi kansa hedimastan ya yi sama da rabin sa'a yana ba da tarihin zuwansa makarantar, ba wanda ya taɓa masa waya. Ya rasu tuntuni, na je ta'aziyya, na yi masa addu'a da zuciya ɗaya, amma girar nan da ya ɗaga ina ganinta har gobe.

Da na koma gida Gwaggo ta riga ta ji, don labari a cikin gari ya fi keke sauri. Ba ta yi mini jaje ba. Ta tura mini kwanon tuwo ta ce, "Kai da aka aika roƙo, ka tsaya gaisuwa har masu gida suka kwanta. Baƙo da sallamarsa ake karɓarsa, ɗan nan, ba a ce ya kwana a bakin ƙofa yana sallama ba."

Daga ranar na zama mai satar sana'a da kunne. Na fara da masu tallan magani a bakin kasuwa. Ba ruwansu da doguwar gaisuwa, tambaya suke jefawa: wa ke tashi da asuba bayansa ya riƙe? Ka ga masu wucewa sun ja birki, don an taɓa inda ke musu ciwo. In za su rufe kuma, kuɗi suke faɗa su ɗaga ƙullin sama. Na lura da huɗubar Juma'a: hamdala, salati, "amma ba'adu," an shiga magana, kuma in liman ya kai ƙarshe kowa ya san abin da zai yi, a tashi a daidaita sahu. Wani malaminmu na zaure ya karanta mana hadisin Ammar ɗan Yasir da ke cikin Muslim, cewa tsawaita sallah da gajarta huɗuba alamar fahimtar mutum ce. Na ji kamar da ni ake. Ko marubuta waƙoƙinmu na ajami, da sunan Allah da salati suke buɗewa, su rufe da sunansu da ramzin shekara, wato haruffan da ke nuna shekarar da aka rubuta waƙar, ka san an zo gaɓa. Malam Aminu kuwa, da misalin da talaka ya sani yake kama taro, ya sa ka dariya kafin ka ankara ya dasa maka magana. Ban ƙoshi da sauraronsa ba Allah ya karɓi abinsa, 17 ga Afrilun 1983. Ranar Asabar ɗin nan ma ta gaban gidansa na Mumbayya muka wuce.

Kada wani ya ce na ce a daina gaida manya. A Kano ka tsallake sarautar mutum a bainar jama'a, ka sayi gaba ta shekara goma. Abin da na koya shi ne in ambaci babba ɗaya ko biyu da cikakken girmansu, sauran in haɗa su a numfashi guda, "da dukkan iyayenmu da ke wurin nan, kowa da matsayinsa," in wuce. Jimloli ukun farko da biyun ƙarshe nake rubutawa in haddace kamar karatun allo. Tsakiya ko ta karkace ana yafewa. Kalmar nan kuwa ta "daga ƙarshe," alkawari ce, sau ɗaya nake faɗinta, kuma ba na wuce minti guda bayanta.

Sai a 2016 na rama, ko da yake wanda nake so ya gani ba ya duniya. Bayan gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris, 'yan layinmu suka kira taro kan tukwanen kashe wuta, aka ce ni zan yi bayani. Ɗana na biyu ya shirya mini hotuna a kwamfuta za a haska da majigi, shafin ƙarshe an rubuta "Na gode" da manyan baƙaƙe. Na ce ya goge shi, ya sa sunan mai karɓar kuɗi da ranar rufewa. Ana gab da farawa aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi. Ban damu ba. Na yi sallama, na gaida shugaba, na zaro wani ƙonannen kwaɗo daga aljihu, wanda wani abokina ya tsinto a tokar shagonsa. Na ɗaga shi na ce, "Wannan kwaɗon bai ci amanar mai shi ba. Har yanzu a kulle yake. Shagon ne babu." Wurin ya yi tsit, har masu latsa waya suka ɗago. Na yi bayanina, aka yi tambayoyi, amma ban bar taron ya watse a kan tambaya ba, don tambayar ƙarshe sau da yawa ta mai neman rigima ce. Na sake ɗaga kwaɗon na ce kowane shago biyar tukunya ɗaya, kuɗi a hannun ma'aji kafin Juma'a, ga takarda a bakin ƙofa. Na zauna. Kafin la'asar takardar ta cika har baya. Gwaggo ta daɗe da rasuwa a lokacin. Da da ban kwanan nan aka tuna ni a 1982, da rufin nan bai kai wata damina a buɗe ba.

Yaron walimar kuwa, na ja shi gefe bayan an tashi, na faɗa masa a hankali, ba a gaban kowa ba, ba kamar yadda aka yi mini ba. Ya durƙusa ya ce, "To Baba, na gode, amma ai haka ake yi yanzu." Na hau a-daidaita-sahu na dawo gida ina ta faɗa ni kaɗai. Na ba uwargida labari, ita ce yarinyar da mahaifinta ya dubi takalminsa. Ta ajiye mini ruwa ta ce, "Ikon Allah. Yau Malam Daga-Ƙarshe ne ke ƙirga wa ɗan wani?"