Koren ruwa iri-iri ne

Aikin malamin gona a ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa ya saba mini da tafkunan kifi. Yawancin masu kiwo, da zarar ruwa ya yi kore, sai su hau neman kuɗin fetur su tayar da inji su zubar da shi. Alhali koren nan ƙananan halittu ne dangin gansakuka, ido ba ya ganin su ɗaya-ɗaya, da hasken rana suke rayuwa, suna fitar da iskar oksijin. Karfasa tana cin su kai tsaye, kyauta, a lokacin da abincin kifi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo. Idan koren ya yi kauri ne ake shiga uku, don da dare su ma shaƙar iskar suke yi, da asuba ka tarar da kifi ya taso yana haki. Gwajinmu: tsoma hannu har gwiwar hannu, in ba ka hango tafinka ba, rage ruwa.

Cikin dangin nan akwai wadda mutum ke ci, spirulina. Ba daga Turai ta faro ba. Matan Kanembu na yankin Kanem a ƙasar Chadi sun daɗe suna tace ta daga tafkunan kanwa, su shanya a kan yashi, su kai kasuwa da sunan dihe, a yi miya da ita. A 1964 ne wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yanzu. Busasshiyarta kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari furotin ne, ga sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, ga wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Sai dai cokali ɗaya ko biyu ake ci, ba ta maye gurbin wake ko ƙwai, ko da 'yan talla a Facebook sun ce maganin komai ce.

Na taɓa ba da labarin a majalisa, wani dattijo ya ce, "Malam, to mu ma mu kwashi ta kududdufinmu mu shanya mana." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, wannan ba ta ciyuwa." Spirulina a ruwan kanwa mai ƙarfi take tsira, inda yawancin sauran halittu ba sa iya zama, shi ne kariyarta. Kududdufi kuwa kowa da kowa ne a ciki, har da wata mai suna Microcystis da gubarta ke lalata hanta, kuma tana kashe dabbobin da suka sha ruwan.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne halin waɗannan ƙananan halittu na zuƙe duk abin da ke cikin ruwa. Shi ya sa ake tace ruwan datti da su: suna janye sinadaran taki irin su naitirojin da fosfarus, kuma kowane kilo na busasshiyarsu ya sha kusan kilo 1.8 na iskar kabon. Amma haka suke zuƙar ƙarfe mai guba irin kuromiyam da ke fita daga masana'antun jima. Wadda aka wanke irin wannan ruwa da ita ba ta shiga tukunya, ba ta shiga abincin kifi, ko gona ba a kai ta.

Ruwan tafkin kifi daban ne, kashin kifi da ragowar abinci ne suka ciyar da korensa. Wanda za a rage, yanzu muna jan sa da tiyo zuwa fangalin shinkafa ko masara, maimakon a sake shi ya gangara kogin Haɗeja.