Kafin ku gaskata ɗan leƙen asirin Sarauniya

Wani ɗalibi da nake duba aikinsa ya kawo mini babin farko na bincikensa a kan hare-haren nakiya da 'yan gwagwarmayar Ailan suka kai a Biritaniya tsakanin 1881 da 1885, kuma tun kafin in kai shafi na uku na ga cewa duk hujjarsa ya ɗebo ta ne daga ƙagaggun labaran bincike na zamanin Sarauniya Biktoriya, irin waɗanda ɗan sandan ciki yake sauya kama, ya shiga ƙungiyar masu dasa bam, ya yi rantsuwa tare da su, sannan ya tona musu asiri ana dab da kunna nakiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin wannan ramin ni na riga shi faɗawa.

Ina matashin malami na kamu da son waɗannan labarai, har na rubuta jerin maƙaloli a wata mujalla ina ba da su a matsayin tarihi, na kuma koyar da su a aji a haka. Na ce wa ɗalibaina 'yan Fenian, wato 'yan gwagwarmayar Ailan masu neman ƙwatar 'yanci daga Biritaniya da makami, mahaukata ne waɗanda ba su da wani dalili, kuma jami'an sirrin Ingila mutane ne masu gaskiya da suka sayar da ransu don kare talakawa. Gwarzona shi ne Thomas Beach, mutumin Colchester da ya raɗa wa kansa suna Henri Le Caron, ya shafe fiye da shekara 20 a cikin ƙungiyoyin 'yan Ailan na Amurka yana aika rahoto Landan. Littafin da ya rubuta a kan rayuwarsa, wanda ya fito a 1892, na karanta shi ban taɓa tambayar kaina ba ko mutumin da yaudara ce sana'arsa zai iya yaudarar mai karatu.

Zan iya kare kaina, kuma na daɗe ina yin haka. Babu intanet a lokacin, littattafan da suka zo hannuna kuwa duk daga ɓangare ɗaya suka fito. Bama-baman ma na gaske ne: yaro ƙarami ya mutu a harin barikin Salford a Janairun 1881, gomman fasinjoji sun jikkata a jirgin ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar Praed Street a Oktoban 1883, an kai wa Scotland Yard, hedikwatar 'yan sandan Landan, kanta hari a Mayun 1884, sannan ranar 24 ga Janairun 1885 nakiya ta tashi a Hasumiyar Landan da ginin majalisa a wuni ɗaya. Wanda ya ji tsoron irin wannan bai yi laifi ba, kuma sashe na musamman kan Ailan da aka kafa a Scotland Yard a 1883 yana da aikin yi na haƙiƙa.

Amma wannan uzuri bai wanke ni ba, domin ban nema ba ne kawai. Ban taɓa faɗa wa ɗalibaina cewa yunwar da ta soma a 1845 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya a Ailan, ta kuma kori wasu miliyan ɗaya, kuma daga cikin waɗanda suka tsallaka Amurka da 'ya'yansu ne kuɗin nakiyar ya fito ba. Mafi muni, ban san cewa wasu makirce-makircen da hannun gwamnati a ciki ba. Makircin kai hari da aka ce an shirya don lokacin bikin cikar Sarauniya shekara 50 a kan mulki a 1887, masu binciken tarihi sun nuna daga baya cewa jagoransa, Janar Francis Millen, yana karɓar kuɗi daga gwamnatin Biritaniya. Shi Le Caron kuwa, ranar da ya bayyana kansa a 1889, shaida ya je bayarwa a gaban kwamitin da ke binciken Charles Stewart Parnell, jagoran 'yan Ailan masu neman mulkin kai a majalisar Biritaniya, a ɓangaren jaridar The Times, wadda ta buga wasiƙun da suka danganta Parnell da goyon bayan kisa. Wasiƙun na jabu ne, Richard Pigott ya amsa cewa shi ya ƙirƙira su, ya gudu Madrid ya harbe kansa. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a maƙalolina, kuma waɗanda suka karanta su sun tafi da abin da na ba su.

Na yi niyyar in jera muku shawarwari masu yawa, ƙannena, amma abin da ya rage mini kaɗan ne. Kada ku kafa hujja da ƙagaggen labari, kuma duk rahoton da ya fito daga bakin ɗan leƙen asiri ku fara tambayar wanda yake biyansa. Da zan bi zuciyata, da na ce ku ajiye waɗannan labarai gaba ɗaya. Sai dai ba zan ce haka ba, ku karanta su, ku karanta su da yawa ma, domin a cikinsu ne za ku ga yadda aka koya wa mutanen Landan kallon maƙwabtansu 'yan Ailan. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ku ba ku da uzurin da nake da shi. Komai yana cikin wayar da ke hannunku, amma sai ku ɗauki taƙaitawar minti biyu ku kira ta bincike, idan aka ce ku buɗe littafi ku ce ya yi tsawo.

Kada kuma ku tsallaka ɗaya ɓangaren don kun ji gwamnati ta yi maguɗi. Tom Clarke, ɗan gwagwarmayar Ailan, ya yi shekara 15 a kurkukun Ingila kan wannan yaƙi, ya fito a 1898, aka harbe shi bayan boren da aka yi wa mulkin Biritaniya a Dublin a 1916, kuma Ailan tana girmama shi har yau. Ku rubuta wahalarsa yadda ta kasance, ku kuma rubuta cewa aikin nakiya ne ya kawo shi Ingila a 1883, a shekarar da fasinjojin Praed Street suka jikkata suna hanyar komawa gida.