Burga ba ta cin mai riƙe da kati mai ƙarfi

Ƙannena, ba kiran ku nake yi zuwa teburin poka ba. Wasan kati ne na kuɗi, kuma yawancin masu zama a wurin da asara suke tashi. Amma tunda na ga wasunku sun riga sun shiga, bari in gaya muku inda kuɗina suka fi zurarewa a shekarun da na yi ina buga ƙananan tebura. A wajen burga ne, wato in zuba kuɗi masu yawa da kati marar amfani don abokin karawa ya tsorata ya ajiye nasa.

Abin da ya ruɗe ni, kamar yadda ya ruɗi mutane da yawa, shi ne hannun, wato zagaye ɗaya na wasa, da Chris Moneymaker ya buga a babbar gasar duniya ta 2003 a Las Vegas. Akanta ne, ba ƙwararre ba, ya rage daga shi sai Sam Farha. Yana riƙe da sarki da bakwai, bai haɗa komai ba har katin ƙarshe, ya tura duk abin da ke gabansa. Farha yana da tara biyu, ya fi shi, amma ya yi dogon tunani ya ajiye. Daga baya Moneymaker ya ci gasar da dala miliyan 2.5. Na kalli wannan hannun sau ba adadi. Abin da ban lura da shi ba shi ne Farha ƙwararre ne mai iya ajiye kati, kuma abin da ya ajiye ɗin matsakaici ne. Mutanen da nake zama da su a ƙaramin tebur, inda ake buɗe kowane hannu da dala 1 da 2, ba ajiye kati ya kawo su ba. Sun zo ne su ga ƙarshen hannu.

Ga wanda ya fi yi mini ciwo. Ina da dala 200 a gabana, na ɗauki as (katin da ya fi kowanne girma) da sarauniya, na ɗaga kuɗin zuwa 8. Wani dattijo mai shiru-shiru ya bi ni, mutumin da ya yi awa biyu bai ɗaga ko sau ɗaya ba. Katuna uku na farko da ake shimfiɗawa a tebur don kowa ya haɗa da nasa suka faɗo: sarki, takwas, uku. Ban samu komai ba, na zuba 12, ya bi. Na huɗu ya zo biyar, na zuba 30, sai ya ɗaga zuwa 70. Nan ne ya kamata in tattara. Sai zuciya ta ce mini ai in na tura duka zai ɗauka as biyu ne a hannuna. Na tura. Ko numfashi bai ja ba ya amsa, ya buɗe takwas biyu, ga na uku a tebur. Babu kati ko ɗaya a cikin sauran da zai cece ni. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuwa ran nan na ga ƙarshensa da idona.

Ku duba lissafin, don shi ne na ƙi yi a lokacin. Burga tana biyan kanta ne idan abokin karawa yana ajiyewa sau da yawa daidai da abin da ka saka. Ka zuba rabin kuɗin da ke tsakiya, kana bukatar ya ajiye sau ɗaya cikin uku. Ka zuba daidai da na tsakiya, sai ya ajiye rabin lokaci. Ni na ƙara 150 don in ci 141, ke nan ina bukatar dattijon ya janye fiye da rabin lokaci. To mutumin da bai motsa ba tsawon awa biyu, ya tashi ya ɗaga a kati na huɗu, me kuke tsammani yake riƙe da shi? A irin waɗannan tebura, ɗagawar mai shiru kusan kullum gaskiya ce. Ya riga ya faɗa mini abin da ke hannunsa, ni ne na toshe kunne.

Wani kuskuren kuma, na riƙa tsara labari mai kyau: yadda na zuba a farko, yadda na ƙara a tsakiya, duk don su nuna ina da kati babba. Wa ke sauraro? Mai ƙaramin tebur katinsa yake kallo, ba naka ba. In yana da sarki biyu, sarki biyu yake gani har ƙarshe. Ga kuma taron mutane. A ƙananan tebura sau da yawa mutum huɗu ko biyar ke shiga hannu ɗaya. Ko da kowanne yana ajiyewa sau shida cikin goma, damar mutum uku su ajiye tare ba ta kai ɗaya cikin huɗu ba.

Ban ce ku daina burga ɗungurungum ba. Wadda na ga tana aiki ita ce mai ƙofar fita: kana da katuna huɗu masu alama ɗaya, kana jiran na biyar. Katuna tara ne za su cika maka, kuma daga ukun farko zuwa ƙarshe damarka ta kai kusan kashi 35 cikin ɗari. Ko an bi ka, ba ka mutu ba. Shi kansa Moneymaker, lokacin da ya ɗaga a kati na huɗu, yana da irin wannan ƙofar. Sannan a yi ta da mutum ɗaya, wanda ka taɓa ganin ya ajiye kati da idonka, kuma wanda bai nuna ƙarfi ba.

Abin dariyar shi ne halin nan nasu da ya riƙa cinye ni, shi ne ya fara biya na da na juya. Tunda ba sa ajiyewa, sai na daina tsorata su, na koma jiran kati mai kyau in zuba da nauyi. Wanda ya ƙi ajiye sarki biyu a gaban burgata, haka ya ƙi ajiye su ranar da nake riƙe da as biyu na gaske. Wasan ya zama mai gundura, ba na musu. Akwai daren da na ajiye hannu ashirin a jere, har na kusa da ni ya tambaye ni ko barci nake yi.